Likita Ya Yi Aikinsa Ya Tafi Gida, To Wa Ya Kwana Da Mara Lafiya?



Wannan magana ta daɗe tana cina a rai, kuma na san idan na faɗe ta akwai manyanmu da ba za su ji daɗi ba, to su yi haƙuri. Abin da ya hana ni yin shiru wata hira ce da aka yi a gabana ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a nan Sabo ta Badun. Wani dattijo ne ke ba wani shawara a kan inda zai kai ƙaninsa da za a yi wa aiki. Ya ce ka kai shi wurin wane, babban likita ne, a Ingila ya yi karatu, hannunsa yana da sa'a. Wani ya ce a'a, wane ya fi shi. Aka yi ta lissafin likitoci kamar ana lissafin 'yan ƙwallo. Ni da nake yaro a wurin sai na ce, Baba, an kuwa tambaya nas nawa ke kwana a ɗakin da za a kwantar da shi? Dattijon nan ya dube ni ya yi dariya, ya ce, nas kuma? Ai masu allura ne da kwashe fo, wa ke tambayarsu?

Ban ba shi amsa a wurin ba saboda girmansa. Ga amsar nan yanzu.

A damunar 2024 mahaifina ya kwanta. Wanda ya san shi ya san ɗan kasuwar goro ne, shekara da shekaru yana ɗaga huhu da kansa ko da akwai yara a wurin, har ƙaba ta same shi. Ya yi ta ɗaure ta da ƙyalle yana cewa sai an gama wannan lodin, sai an karɓo wancan bashin, har ranar da ta maƙale, hanji ya shaƙe, yana amai yana birgima. Muka kai shi wani asibitin gwamnati, ba zan faɗi sunansa ba. Aka shiga da shi tiyata cikin dare, aka yanke guntun hanjin da ya mutu aka haɗa sauran. Likitan ya fito ya ce aiki ya yi kyau. Muka yi hamdala, 'yan uwa suka fara buga waya Kano da Sakkwato ana cewa an yi nasara, kowa ya watse. Likita ma ya tafi gida, kuma haƙƙinsa ne ya tafi, mutum ne shi ma.

Ni aka bari da jinya. Kwana 24 na yi a kan tabarma a barandar ɗakin maza, kuma abin da na gani a kwanakin nan ban koye shi a sakandare ba. Gado 28 ne a ɗakin, na ƙirga su ba sau ɗaya ba saboda rashin barci. Likitoci suna zagayawa da safe, su tsaya kan gadon Baba minti uku, idan an daɗe minti biyar, su yi rubutu a fayil su wuce. Sauran awa 23 da 'yan mintuna fa? Nas ce. Da rana su uku ko huɗu, da dare su biyu, wani daren ma ɗaya da 'yar makaranta mai koyon aiki.

A dare na uku Baba ya fara juye-juye yana cewa ƙishirwa, jikinsa da ɗumi. Ni dai na ɗauka zafin ɗinki ne, har ina yi masa firfita da kwali. Wadda ke aikin dare a ranar wata Bayarbiya ce, ta manyanta, ba ta da fara'a ko kaɗan, kuma Mola take kirana, sunan da ba na so. Ta zo zagayen awo wajen ƙarfe ɗaya, ba wuta, da tocilar waya a baki. Ta riƙe hannun Baba tana kallon agogo. Sai na ga ta daina kallon hannun ta koma kallon ƙirjinsa. Ta duƙa ta ɗaga ledar fitsari ta haska. Ta danna cikinsa ya yi ƙara. Ta ce da ni, tun yaushe yake numfashi haka? Na ce Mama ban lura ba. Ta ce fitsarin nan tun magariba bai ƙaru ba.

Daga baya ne ta yi min bayani, da na dame ta da tambaya. Babban mutum mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, Baba ya haura 30. Bugun zuciya yakan tsaya tsakanin 60 da 100, nasa ya wuce 120. Fitsari kuwa idan ya ƙafe ga wanda ake yi wa ƙarin ruwa, alama ce jini ba ya isa ƙoda yadda ya kamata. Waɗannan ukun idan suka haɗu ga wanda aka ɗinke wa hanji, to ana tsoron ɗinkin ya saki, ƙazanta tana zuba cikin ciki. Ta kira ƙaramin likitan da ke kwana, ya ce a ba shi maganin zazzaɓi a jira safe. Ina jinta da kunnena tana ɗaga masa murya a waya, ta ce ba za ta rubuta haka ba sai ya zo ya gani da idonsa. Ya zo yana ɓata rai. Kafin asuba an sake shiga da Baba tiyata, kuma abin da ta zata shi aka tarar. Yau Baba yana rumfarsa yana faɗa da yara a kan lissafi. Rai na Allah ne, wannan ba gardama. Amma sanadin da Allah ya yi, mace ce mai tocila a baki wadda ta tsaya ta ƙirga numfashi na minti ɗaya cif, alhali tana da gado 27 da ke jiranta.

To ga ɗaya gefen. A gadon da ke jikin taga akwai wani tsoho ɗan Arewa, mai sayar da dabbobi, ɗan acaɓa ya buge shi ƙugunsa ya karye. Mun tarar da shi a can. Karaya ce kawai, bakinsa garau, har ba'a yake min. Mai jinyarsa jikansa ne, yaro da bai wuce shekara 12 ba, ba Yarbanci ba Turanci. Tsohon nan kwance yake a rigingine dare da rana. Wanda ba ya iya motsi da kansa, ƙa'ida ita ce a riƙa juya shi kamar duk bayan awa biyu, a tabbatar shimfiɗarsa a bushe take, domin nauyin jiki yana danne fata a kan ƙashi, jini ya daina kaiwa, naman wurin ya mutu tun daga ciki. Ba wanda ya juya shi. Nas biyu ba za su iya ba ko da sun so, wasu kuma ba su so ɗin ba, kuma ba wanda ya zauna ya koya wa yaron da harshen da yake ji. Ranar da aka ɗaga shi za a canza zanen gado, warin da ya tashi sai da kowa ya toshe hanci. Gyambo ne a gadon bayansa wanda dunƙulen hannu zai shiga. Zazzaɓi ya biyo baya, ya fara sambatu, kafin a sallame mu ya rasu. Na bi gawar har makabarta. Abin da na ji kowa yana faɗa shi ne, kwana ya ƙare.

Haka ne, kwana ya ƙare. Amma idan yaronka ya bar huhun goro a rana ya bushe, ba ka cewa ƙaddara ce ka yi shiru, sai ka ci mutuncinsa a gaban kowa, wataƙila ka kore shi. Don me goro yake da mai tambaya, ran tsoho ba shi da shi? Karayar ƙugu ce ta kai shi asibiti, gyambon kwanciya ya kashe shi, kuma wannan gyambon bai zo da shi daga gida ba.

Wani zai ce ai wannan labarin mutum biyu ne, ba hujja ba ne. To bari in kawo na masu ƙirga. Ni ban yi jami'a ba, amma tun da muka fito asibiti nake bin wannan magana ina karantawa, abin da ya shige min duhu in tambayi waɗanda suka sani. A 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya, asibitoci 247, mutum sama da 11,000 da aka yi wa tiyata. Aka ga mutanenmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya, cututtukansu ba su kai nasu tsanani ba, amma duk da haka wanda aka shirya wa aiki a Afirka haɗarin mutuwarsa ya ninka na sauran duniya sau biyu. Abin da ya fi tsaya min a rai kuwa, kusan kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba a ranar aikin suka mutu ba, sai a kwanakin da suka biyo baya, suna kwance a ɗaki. Wato lokacin da mu muka gama buga waya muna cewa an yi nasara, lokacin ne haɗarin yake farawa.

A Amurka wata farfesar aikin jinya mai suna Linda Aiken ta bi asibitoci 168 a jihar Fensilbaniya, ta fitar da sakamako a 2002. Ta gano duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take dubawa, haɗarin mutuwa cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. Nas mai mutum takwas, marasa lafiyarta sun fi na mai mutum huɗu haɗarin mutuwa da kusan kashi 31. A 2014 suka maimaita a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, lissafin ya sake fitowa haka, har suka ƙara da cewa inda nas-nas suka fi zurfin karatu mutuwa ta fi raguwa. Jihar Kalifoniya ma doka ta kafa, tun 2005 nas ɗaya ba ta wuce mutum biyar a ɗakin kwanciya na gama-gari. Su suna rigima a kan huɗu da takwas. Ni na kwana a inda mace ɗaya ke da 14, wani daren 28. Ku yi lissafin da kanku, ku 'yan kasuwa ne.

Kada kuma a ce sai an kawo injuna daga Turai. A 2023 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000 masu haihuwa, kuma cikin jagororinsa akwai Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero. Abin da aka yi shi ne a shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa don a ga ainihin jinin da ta zubar a daina kintace da ido, kuma da zarar ya kai iyaka a haɗa mata duk matakan taimako lokaci ɗaya. Mummunan zubar jini da abin da yake jawowa ya ragu da kashi 60 cikin 100. Leda ce fa, da idon ungozoma mai lura.

Yanzu bari in juyo kan su nas-nas ɗin, kada a ce na zama lauyansu. Wallahi akwai azzalumai a cikinsu. Na ga wadda ta zauna tana kallon fim a waya, ruwan wani ya ƙare har jini ya biyo robar, ɗansa ya je ya faɗa mata ta ce ya ɓace mata da gani. Na ga wadda ke cike takardar awo daga kan kujerarta ba tare da ta taɓa kowa ba, ta rubuta wa kowa numfashi 20, kamar duk ɗakin huhu ɗaya gare su. Wannan ta fi mai zagi sharri, domin likita da safe takardar zai duba ya ce komai lafiya. Akwai kuma abin da mu kaɗai muka san zafinsa, da an ji Hausa a bakinka sai a ɗauka ba ka san komai ba, a yi maka tsawa kamar yaro, a riƙa maganarka da Yarbanci a gabanka ana dariya, an manta wasunmu a nan aka yanke mana cibi. Duk wannan gaskiya ne, kuma gajiya ba ta zama uzurin wulaƙanta mara lafiya.

Sai dai mu tambayi kanmu, wa ya bar mace ɗaya da gado 28? A watan Fabrairun 2024 magatakardan hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ya faɗa da bakinsa cewa nas sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Suna Ingila, suna Kanada, suna Saudiyya, suna juya tsofaffin wasu duk bayan awa biyu. Maganin da hukumar ta fito da shi a lokacin shi ne ta tsaurara sharuɗɗan ba su takardar shaidar fita. Ka ji fa, rumfa tana yoyo an ce a ɗaure mai gadi. A ƙarshen Yulin 2025 sai da nas-nas na asibitocin tarayya suka shiga yajin aikin gargaɗi, cikin buƙatunsu har da a ɗauki ƙarin ma'aikata da gyara kuɗin aikin dare. A Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma ƙasar da aka yi taron a cikinta ba ta taɓa cika shi ba. Gwamna zai gina asibiti ya shafa fenti ya yanke ƙyalle, domin gini yana fitowa a hoto, nas ɗin dare kuwa ba ta fitowa.

Kuma duk da haka akwai waɗanda suka tsaya. Lokacin da Ebola ta shigo Ikko a 2014 kowa ya san sunan Dokta Adadevoh, kuma ta cancanta. Amma mutum nawa ne suka san Justina Ejelonu, nas ɗin da ta yi jinyar mutumin da ya shigo da cutar, ita ma ta kamu ta rasu?

To saura mu, kuma nan ne maganar ta fi min ciwo. Mu ne muke cika ɗakin marasa lafiya mu goma sha a kan gado ɗaya, kowa da kwanon abinci, nas ta ce a fita mu ce ba ta da mutunci. Mu ne aka ce kada a ba wanda aka yi wa aikin hanji komai ta baki, mu faki ido mu ɗura masa kunu ko jiƙo. Ni kaina sai da na yi faɗa da gwaggona a kan wannan, har yau ba ta gama huce min ba. Mu ne muke hawa gadon mara lafiya mu taɓa ɗinkinsa da hannun da muka gama gaisawa da mutum ashirin. Idan dare ya yi kuma, lokacin da ake bukatar mutum, duk mu watse mu bar yaro ɗan shekara 12. Muna iya tara dubban nairori a masallaci cikin awa ɗaya don a kai gawa gida Arewa, amma ba mu taɓa zama mun tsara wa zai kwana da wane ba, wa ke jin Turanci da Yarbanci da zai tsaya lokacin zagayen likita.

Sannan babbar tambaya. Kakanninmu sun fi shekara ɗari a wannan unguwa. Nas nawa muka haifa? Muna kukan ba mai jin harshenmu a asibiti, muna kukan namiji yana duba matanmu, amma yarinya ta gama sakandare ta ce tana son makarantar jinya sai a ce aikin kwana a waje ne, aikin ƙazanta ne, wa zai aure ta. Saurayi ya ce yana so, abokai su yi masa dariya wai aikin mata ne, gara ya zauna a canji. Wanda ya ce addini ne ya hana, ya je ya tambayi malamai labarin Rufaida Al-Aslamiyya, wadda aka kafa wa tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, har Sa'adu bin Mu'azu a wurinta aka kwantar da shi bayan yaƙin Khandaƙ. Da a ce akwai 'yar Sabo ɗaya a ɗakin nan, mai farin kaya, da ta duƙa ta ce wa yaron nan da Hausa, zo in nuna maka yadda za ka juya kakanka, ka sa masa filo a nan, ka duba bayansa kullum, da wa ya san abin da Allah zai yi?

Ga wanda ke da mara lafiya a kwance yanzu, abin da Mama ta koya min ba ya bukatar digiri. Ka sa agogon wayarka ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya, safe da dare. Ka lura da fitsari, yana ƙaruwa ko ya tsaya. Idan mai hankali ya fara sambatu ko barcin da ba a iya tashinsa, kada ka ce aljanu ne, ka je ka faɗa, idan an kore ka ka koma, ka faɗi lambar da ka ƙirga, domin nas takan yi banza da "jikinsa ya tsananta" amma da wuya ta yi banza da "numfashinsa 32". Ka tambaya a nuna maka yadda ake juya shi. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa shi, kuma ba laifi ba ne ka roƙi mai farin kaya ita ma ta wanke, cikin ladabi. Kafin ka biya kuɗin aiki a kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ka je da dare ka leƙa ɗakin, ka ƙirga gadaje, ka ƙirga masu farin kaya. A wasu ƙananan asibitocin kuɗi ma ka tambaya ko masu farin kayan suna da rajista, domin da yawa 'yan koyo ne da mai asibitin ya ɗinka wa kaya.

Da aka sallame mu Baba ya aike ni da goro fari ƙwarya guda in kai wa Mama. Ta karɓa, ta ce, Mola, ka gaya wa babanka ya daina ɗaga kaya. Ko murmushi ba ta yi ba. Ƙanwata ta gama sakandare bana, kuma ta ce jinya take so. Baba ya amince tun kafin ta rufe baki, kawunnanmu ne suka ce sai an zauna. An sa zaman ranar Lahadi bayan la'asar a zauren gidanmu, kuma na roƙi dattijon nan na ranar Juma'a da ya zo.